Hukuncin Jinkirta wa Yaro Allurar Rigakafi, da Abin da Jinkirin ke Jawowa a Lafiya da Dukiya

Tambaya

Malam, Allah Ya ba ni ɗa namiji, yanzu watansa biyu. Ni ban ƙi allurar rigakafi ba, amma ina ganin ya yi ƙanƙanta da yawan allura, sai na ce a dakata har ya yi ƙwari, ko da shekara guda ce, sannan a yi masa gaba ɗaya. Mahaifiyarsa ba ta yarda da haka ba. Shin akwai laifi a kaina a shari'a, tunda jinkirtawa na yi, ba hanawa ba?

Amsa

Dukkan godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Allah Ya raya abin da aka samu, Ya shirya shi, Ya sa mai jin ƙan iyayensa ne.

Amsa a taƙaice ita ce, mahaifiyar yaron ta fi ka gaskiya a wannan mas'ala. Rigakafi halal ne, yana cikin riƙo da sababi, kuma jinkirta shi ba tare da uzuri ba sakaci ne da amanar da Allah Ya damƙa maka. Amma malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san yadda yake, don haka bari mu fara da shi kansa jinkirin. Mutane da yawa suna ɗaukarsa a matsayin tsaka-tsaki tsakanin karɓa da ƙi. A wurin ƙwayar cuta kuwa, yaron da aka jinkirta wa da yaron da aka hana duk ɗaya ne, har ranar da allurar ta shiga jikinsa.

Me ya sa aka yanka wa kowace allura lokaci?

Ka sani, Allah Ya yi maka rahama, jariri yana zuwa duniya da ɗan guzurin kariya da ya samu daga jinin mahaifiyarsa tun yana ciki, nono kuma yana ƙara masa. Guzurin nan yana raguwa mako bayan mako, kuma tun asali bai rufe kowace cuta ba. Abin da rigakafi ke yi shi ne a nuna wa jiki ƙwayar cutar da aka kashe ko aka raunana, ko wani ɗan yanki nata, sai jikin ya gane ta, ya tanadi makamin yaƙarta kafin ta zo da ƙarfinta. Likitoci sun tsara lokutan ne bisa abu biyu: lokacin da guzurin uwa ke ƙarewa, da kuma watannin da kowace cuta ta fi kisa a cikinsu.

A Najeriya, ranar haihuwa ake fara wa jariri: allurar tarin fuka, wadda ke barin ɗan tabo a damtse, da ɗigon shan inna, da allurar ciwon hanta. Idan ya kai mako 6, da mako 10, da mako 14, sai a yi masa allurar da ma'aikatan lafiya ke kira Penta, wadda ta haɗa cuta 5 a allura guda: mashaƙo, da tarin shiƙa, da ciwon sarƙe haƙora, da ciwon hanta, da wata ƙwaya mai jawo wa ƙananan yara sanƙarau da ciwon huhu. Tare da ita ake ba shi ta limoniya, da ɗigon gudawa, da rigakafin shan inna. A wata 9 sai ta ƙyanda, da ta shawara, da ta sanƙarau. A wata 15 a maimaita ta ƙyanda. Duk waɗannan kyauta ne a asibitocin gwamnati. Tsarin Nijar da sauran maƙwabta kusan haka yake, da ɗan bambanci, kuma katin yaro shi ne abin komawa.

A nan shawarar "a yi masa gaba ɗaya" ta rushe. Allurar Penta sau uku ake yi, kuma dole a bar aƙalla mako 4 tsakanin kowace da mai bi mata, domin jiki yana buƙatar lokaci ya koyi darasin farko kafin a ƙara masa na biyu. Wanda ya fara a mako 6 zai gama kafin ya cika wata 4. Wanda aka bari sai ya shekara, zai shafe shekarar nan da ƙarin wata biyu ba shi da cikakkiyar kariya, kuma shekarar farko ita ce mafi hatsari a rayuwar yaro. Ƙanƙantar da kake gani a matsayin dalilin jira, ita ce dalilin gaggawa.

Abin da jinkiri ke yi wa jiki

Mu fara da ciwon hanta, domin shi ne mafi ƙarancin wa'adi. Uwa tana iya ɗauke da ƙwayarsa ba ta sani ba, ta ba jariri wajen haihuwa. Babban mutum idan ya kamu, galibi jikinsa yana kore ta. Jariri kuwa, cikin 10 da suka kamu a lokacin haihuwa kusan 9 za su zauna da ita har abada, tana cin hanta a ɓoye, sai mutum ya kai shekara 30 ko 40, yana tsakar ɗawainiyar iyali, ciki ya kumbura ko dajin hanta ya bayyana. Allurar ta fi amfani idan an yi ta cikin awa 24 na farko. Mu kuma al'adarmu ita ce jariri ba ya fita sai bayan suna. Babu aya babu hadisi da suka hana fita da jariri kafin kwana bakwai. Idan maijego ba za ta iya fita ba, uba ya ɗauke shi da kansa, ko kaka, ko gwaggo, a naɗe shi a zane a kai shi a dawo.

Sai tarin shiƙa. Yaro babba yakan yi makonni yana tari har da amai, ya warke. Jariri ɗan wata ɗaya ko biyu sau da yawa ba ya ma iya tarin. Numfashinsa ne ke ɗaukewa, leɓensa ya canja launi. Mafi yawan waɗanda wannan cuta ke kashewa jarirai ne 'yan watannin farko. Lura da wani abu: mako 6 kwana 42 ne, wato kwana biyu bayan arba'in. Daidai lokacin da maijego ke gama wanka ta fara yawon arba'in, ana shiga gida-gida da jariri, kowa ya karɓa ya sumbata, mai mura da mai tari. Ke 'yar'uwa mai karanta wannan, ki sa asibiti ya zama gidan farko a yawon arba'in ɗinki, kafin gidan kawu da na inna.

Ƙyanda kuwa, wadda wasu ke kira baƙon dauro, ita na fi son ka tsaya a kanta, saboda mun saba da ita har mun raina ta. Za ka ji tsohuwa ta ce ai kowane yaro sai ya yi, a rufe shi a ɗaki, kada a yi masa wanka, kada a kai shi asibiti don wai ba ta son allura. Wannan magana ta cika maƙabartu da ƙananan kaburbura. Ƙyanda tana cikin cututtukan da suka fi kowanne saurin yaɗuwa. Idan yara 10 marasa rigakafi suka zauna da mai ita, kusan 9 za su kamu, kuma ƙwayarta tana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai cutar ya fita. Ka auna wannan da gidan yawa, da ajin Islamiyya, da zauren makarantar allo, da gidan biki. A ƙasarmu tana tasowa ne da rani, ta yi ƙamari idan zafin bazara ya shigo.

Ƙurajen da ake gani a fata su ne mafi sauƙin lamarinta. Abin da ke kisa shi ne limoniya da gudawar da ke biyo baya, wani lokaci da kumburin ƙwaƙwalwa. Tana makantar da yaron da jikinsa ke da ƙarancin sinadarin bitamin A, tana toshe kunne, kuma tana cikin abubuwan da ke buɗe wa ciwon noma ƙofa, ciwon nan mai cinye kumatu da leɓe, wanda har asibiti na musamman aka gina masa a Sakkwato. Akwai kuma wata ɓarna da aka tabbatar da ita a binciken da aka wallafa a 2019: ƙyanda tana goge wani kaso na kariyar da jiki ya riga ya tara game da sauran cututtuka. Kamar gardi ne ya kwanta ciwo, ya tashi ya tarar haddarsa ta zube, sai ya sake bi daga farko. Shi ya sa za ka ga yaro ya warke daga ƙyanda amma ya ƙi komawa daidai, yau zazzaɓi, gobe gudawa, ya rame ya lalace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙyanda ta kashe mutum kimanin 107,500 a 2023, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Allurar wata 9 tana kare kimanin yara 85 cikin 100. Ta wata 15 an sa ta ne don ta kamo ragowar. Iyaye mata da yawa suna ɗauka an gama a wata 9, su jefa katin a ƙasan akwati. Ba a gama ba.

Wanda yake ganin waɗannan cututtuka labarin dā ne, ya tuna da mashaƙo. Daga ƙarshen 2022 ta ɓarke a Najeriya, ta yi tsanani a 2023, kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. Ta taɓa yankin Damagaram a Nijar a shekarar. Cuta ce da ke shimfiɗa wata fata mai launin toka a maƙogwaro ta toshe numfashi, wuya ya kumbura, dafinta kuma ya kama zuciya. Sama da mutum 1,000 suka rasu a Najeriya, yawancinsu yara, kuma alƙaluman hukumar NCDC sun nuna mafi yawan waɗanda suka kamu ba su da cikakken rigakafi. Maganin da ke karya dafin ya yi ƙaranci a duniya baki ɗaya, domin ƙasashe da yawa sun daɗe da rabuwa da cutar, kamfanonin da ke yin sa kaɗan suka rage. Allurar Penta ɗin nan ta mako 6, 10 da 14 ita ce katangar da aka bari ta rushe.

Abin da yake ci a aljihu

Kiyaye dukiya yana cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo don ta tsare, tare da addini, da rai, da hankali, da zuriya. Don haka maganar kuɗi a nan maganar addini ce.

Kai yaro rigakafi yana cin kuɗin mota da rabin yini. Ka kwatanta da yaron da ƙyanda ta rikiɗe masa zuwa limoniya. Da farko za a je kemis, a sayi na zazzaɓi da na tari. Kwana uku ba sauƙi, a nemi rubutu da saiwoyi. Sai numfashi ya sarƙe cikin dare, a ɗauki shatar mota zuwa babban asibiti. Can ga kuɗin gado, ga allurai, ga ƙarin ruwa, ga iskar oksijin, wani lokaci har da ƙarin jini, ga abincin masu jinya. Uwa ta bar sana'arta ta cikin gida, jarin ƙosai ko na ƙuli-ƙuli ya narke. Uba ya rufe shago, ko ya ajiye babur ɗin da yake biyan balas a kansa kullum. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, babu inshora, babu mai tallafi. Kuma dubi lokacin da abin ke faɗowa: ƙyanda da sanƙarau sun fi ƙarfi a bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, manomi yana tattalin ɗan abin da zai sayi iri da taki. Sai a sayar da akuyar matar gida, a karɓi adashi kafin lokaci, a jinginar da gona. Damina ta sauka ba taki, amfanin ya ragu, ciwon mako biyu ya zama yunwar shekara. Idan a gidan yawa ne, ba yaro ɗaya ke kwanciya ba.

Wani bincike da aka yi a Burkina Faso ya gano cewa jinyar mutum ɗaya mai sanƙarau tana cin wa gida kimanin dala 90, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da matsakaicin mutum ke samu a shekara a ƙasar a lokacin. Wannan kuɗin jinya ne kawai. Cikin masu tsira daga sanƙarau, kusan 1 cikin 5 yakan fita da tabo na dindindin, kurumta ko farfaɗiya ko raunin ƙwaƙwalwa. Shan inna kuma ba shi da magani; idan ya shanye ƙafa, ta shanye ke nan. Nakasa ba abin kunya ba ce, kuma muna da malamai da attajirai da suka rayu da ita cikin mutunci. Amma ka tambayi iyayensu abin da suka sha wajen karatun yaron, da sana'arsa, da aurensa, musamman idan mace ce. Ba uban da zai zaɓa wa ɗansa wannan da hannunsa.

Masana a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun yi lissafi a 2016 a kan ƙasashe 94 masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici, suka samu cewa kowace dala 1 da aka kashe a rigakafin yara tana tsare kimanin dala 16 na kuɗin jinya da asarar aiki. Ɗan kasuwa ya san babu hajar da ke ba da irin wannan riba.

Mu a arewacin Najeriya mun ga kuɗin jinkiri da idonmu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohi saboda zargin an gurɓata shi da abin hana haihuwa. Tsoron mutane bai taso a banza ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a kan yara a Kano. Cikin yara kimanin 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai Trovan maganin jinya ne da ake gwadawa, rigakafin shan inna kuwa an shafe gomman shekaru ana ba yara a ƙasashen Musulmi da na waɗanda ba Musulmi ba. Kano ta ci gaba da rigakafin a Yulin 2004 da maganin da aka sayo daga Indunusiya. Dakatarwar ba ta wuce kusan shekara guda ba. Ga abin da ta haifar: yaran da shan inna ya kama a Najeriya sun tashi daga 202 a 2002 zuwa sama da 1,100 a 2006. Ƙwayar ta tsallaka ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, ta bi ta Sudan ta kai Yaman, ta kai Indunusiya, ta shanye ƙafafun ɗaruruwan 'ya'yan Musulmi da ba su san ma inda Kano take ba. Kashe wannan gobara ya ci sama da dala miliyan 500. Sai a 2016 aka ga na ƙarshe da ƙwayar ta asali ta kama, a Borno, aka ayyana Afirka ta rabu da ita a watan Agustan 2020. Game da zargin hana haihuwa kuwa, 'yan matan da aka ɗiga wa maganin a wancan lokaci yau ga su nan da goyo a bayansu.

Duk da haka, ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ta 2023 ta nuna Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ba a yi musu ko Penta ta farko ba, sama da miliyan 2, kuma kaso mai yawa a cikinsu namu ne.

Hukuncin shari'a

Masu cewa rigakafi ya saɓa wa tawakkali, ƙissar Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ta ishe su. Ya nufi Sham, da ya isa Sargu sai labari ya zo masa cewa annoba ta sauka a can. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansar, ya yanke a juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddara ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora, amma mai hankali ya san gefen da zai nufa. Sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo ya tabbatar da cewa ya ji Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana fita daga cikinsa don gudu. Imam Malik ya kawo ƙissar a Muwaɗɗa. Abin lura shi ne Umar bai jira cutar ta taɓa rundunarsa ba.

An tambayi Shaikh Abdul'aziz bin Baz game da shan magani kafin cuta ta zo, ya ce babu laifi idan ana tsoron annoba, ya kafa hujja da hadisin cin dabinon ajwa bakwai da safe don kariya daga guba da sihiri, wanda shi ma tare cuta ne kafin saukarta. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke Jidda da malaman Azhar sun yi kira ga iyaye su yi wa 'ya'yansu rigakafin shan inna. A gida kuma, tun 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya kafa kwamitin sarakunan arewa a kan wannan aiki. Kai da kanka, ranar da Allah Ya kira ka aikin Hajji, sai ka miƙa damtse an yi maka ta sanƙarau kafin ka hau jirgi, kuma ba ka taɓa jin alhajin da ya fasa tafiya don ita ba.

Masu cewa abin Turawa ne, su sani likitan nan Abubakar Ar-Razi ya rubuta risala yana bambance ƙyanda da agana fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kuma mutanen Istanbul suna yi wa 'ya'yansu wani nau'in rigakafin agana tun kafin Ingila ta san shi. Matar jakadan Ingila ce ta gani a can ta kai gida. Dattawanmu masu tabon lamba a damtse shaida ne: da rigakafi Allah Ya kawar da agana daga doron ƙasa, aka sanar da haka a 1980.

To, ina matsayin jinkiri? Babban mutum yana da wani zaɓi a kan jikinsa, kuma malamai sun yi saɓani a kan wajabcin neman magani gare shi. Yaro ba shi da zaɓi. Kai waliyyinsa ne, kuma ƙa'ida ita ce waliyyi ba ya yin tasarrufi a kan wanda ke hannunsa sai da abin da ya fi zama maslaha gare shi. Idan masana amintattu sun tabbatar cewa barin abu yana jefa yaro cikin hatsari mai rinjaye, abin kuma yana samuwa kyauta, hukuma ta yi umarni da shi don amfanin jama'a, to barinsa da gangan laifi ne, kuma laifin yana ƙaruwa idan cutar tana yawo a gari. Akwai kuma haƙƙin maƙwabci. Jaririn gidan da ke jikin naka, ɗan wata 5, bai isa allurar ƙyanda ba. Kariyarsa ita ce yaran da ke kewaye da shi su zama ba sa ɗauke da ita. Sai kusan yara 95 cikin 100 sun samu allura biyu kafin ƙyanda ta rasa hanyar yawo a unguwa. Shari'a ta hana cutar da kai, ta hana cutar da wani.

Uzuri kuwa akwai shi. Yaron da ke kwance da ciwo mai tsanani ana jira ya farfaɗo. Wanda wata allura ta taɓa tayar masa da mummunan borin jiki, abin da ba kasafai ake gani ba, likita ne zai yanke. Wanda rashin tsaro ya raba da asibiti, ko ya je sau biyu sau uku aka ce babu magani, ba shi da laifi a kan abin da ya fi ƙarfinsa, nauyin yana wuyan waɗanda aka ɗora wa amanar jama'a, kuma za a tambaye su. Ma'aikaciyar da ke daka wa uwa tsawa don ta makara ko ta yar da kati, ta ji tsoron Allah, domin uwar da aka kunyata a bainar jama'a ba ta komawa. Amma mura, da ɗan zazzaɓi, da fitar haƙori, da ɗan gudawa, ba sa hana rigakafi. Haka nan zafin jiki da kumburin wurin allura na kwana ɗaya ko biyu, da kukan da ke hana maigida barci, ba uzuri ba ne na fasa ta gaba.

Wani abu da na ga yana yawan jawo jinkiri shi ne izini. Miji ya tafi ci-rani ko kasuwa, ranar allura ta zo, mace ba ta da izinin fita, mako ya wuce, wata ya wuce. Kai maigida, ka ba ta izini sau ɗaya wanda ya game dukkan ranakun da ke kan katin, ka bar mata kuɗin mota. Wannan yana cikin ɗawainiyar ɗanka kamar abincinsa da tufarsa.

Idan an riga an makara

Lokacin da ya fi ya wuce, amma ƙofa ba ta rufe ba, kamar yadda wanda ya makara da salla ba a ce masa ya bar ta. Ɗanka mai wata biyu ya wuce mako 6 da kaɗan. Ka kai shi a wannan makon. Wanda ya fara ya tsaya a hanya ba a sake masa daga farko, daga inda ya tsaya ake ɗorawa, ko da watanni sun shuɗe. Wanda ya haura shekara ma a kai shi, ma'aikatan lafiya za su duba abin da ya rage masa. Idan kati ya ɓata a je haka nan a faɗa musu. Ka tambayi ranar da asibitin unguwarku ke yin ta ƙyanda da ta tarin fuka, domin kwalbarsu ta yara da yawa ce, kuma idan aka haɗa ta sai a zubar da ragowar bayan awa 6, shi ya sa wasu wuraren suke keɓe musu rana.

Kada kuma ka ɗauka ɗigon da masu bi gida-gida ke yi wa yara a baki ya wadatar. Wancan na shan inna ne kaɗai. Ba ya kare ƙyanda, ba ya kare mashaƙo, ba ya kare tarin shiƙa.

Wanda kuma ya riga ya rasa ɗa a irin wannan hali, kada Shaiɗan ya yi amfani da wannan amsa ya azabtar da shi. Ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma wanda bai sani ba ba daidai yake da wanda ya sani ya ƙi ba. Ya nemi gafara a kan abin da ya gaza, ya ɗauko katunan ƙannen mamacin ya duba.

Allah ne Mafi sani.